Reshen Rimi a Kan Tukwanen Baba Ɗanjuma

Tunda na sa hoton nan nawa a guruf ɗinmu na waya, wanda nake reto a saman mangwaro da injin yankan icce a ƙugu, wayata ba ta huta ba. Tambayar kowa ɗaya ce: Oga Habu, wane inji zan saya? Wani ƙanen abokina ma cewa ya yi shi ya gama gane aikin namu, ka ja igiya inji ya tashi, ka ɗora kan icce, icce ya faɗi, ka karkaɗe riga ka tafi gida. To, na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, babban yatsana har ya yi tsami. Ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya ga rubutun ya yi masa tsawo, da ma hawan icce ba nasa ba ne.

Aikin farko da aka tafi da ni, wani iccen dogon yaro ne a bayan kasuwar Yelwa, ya jingina da katangar wani mai shago. Maigidana Malam Tanko, wanda ya koya min sana'ar nan, bai ko sauke inji daga mashin ba. Cewa ya yi in zagaya iccen in faɗa masa ina yake son kwanciya. Na ce gabas. Ya ce in sake zagayawa. Na dawo na ce yamma. Ya ce, “To kai ka kwanta duk inda kake so, shi dai kudu za shi.” Sannan ya nuna min inda rassa suka fi nauyi, da inda saiwa ta ɗaga ƙasa, ya sa na ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari in ji ko akwai rami a ciki, ya sa na ɗaga kai in nemi ƙudan zuma da gidan rina. Ranar ban taɓa inji ba. Watanni ma na yi ban taɓa shi ba, sai dai magagari. In zauna in yi ta wasa haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya zo ya ɗora kan gungume ya dubi abin da ke zuba. In ɓarzajje ne yana fitowa fale-fale, sai ya yi shiru. In ya fito gari kamar na tuwo, sai ya miƙo min magagari ba magana.

Tunda inji kuke tambaya, ga amsa. In sama za ka hau, mai gajeren baki za ka nema, mara nauyi, wanda zai rataya a ƙugunka bai karya ka ba. Babban nan mai dogon baki da kuke sha'awa saboda kukansa, na ƙasa ne. Na gwanjo ba laifi, nawa duka biyun na gwanjo ne, amma kafin ka biya ka kama igiyar tayarwa ka ɗaga shi da ita. In ya sulale ƙasa da sauri, cikinsa ya gaji, ka ajiye wa mai shi kayansa. In yana sauka yana turjewa, akwai sauran rai. Kuma don Allah, mu 'yan bakin ruwa, mu daina wani abu: ka je tashar jirgi a tsiyayo maka haɗaɗɗen man injin jirgi saboda ya fi kusa. Kowane mai jirgi da idonsa yake haɗi, kuma injinsa a ruwa yake, yana shan sanyi. Naka wuta yake sha. Ka haɗa manka da kanka a jarkarka. Baƙin mai da aka juye daga mota, kar ka zuba wa sarƙa, yana toshe hanya, kuma ka bar wa mutane ƙazanta a jikin mangwaron da 'ya'yansu za su sha. Hular kwano, tabarau, takalmi mai rufi, auduga a kunne. Na taɓa ganin wani ya zo aiki da silifas da riga mai faɗin hannu, na ce masa ko dai ɗaurin aure ya nufa ya ɓata hanya.

Sai masu ba da aiki. Duk wanda ya ce maka a waya “ɗan reshe ne kawai”, ka tafi da duk igiyar da kake da ita. Akwai wata Hajiya a Shanga da ta ce inuwa take so amma ganye ya daina zuba mata a tsakar gida. Akwai mai cewa ka kayar can, can ɗin kuwa ɗakin maƙwabci ne da suka yi faɗa. In kayarwa ce gaba ɗaya, ka tabbata mai iccen ya ga ma'aikatan gandun daji tukuna, don in suka zo, injinka za su ɗauka, ba nasa ba.

Wata ɗorawa ce a gonar wani mutum a wajen Shanga ta kawo mana shekarar da ba na mantawa. Malam Tanko irin hawan da yake yi: ya sassara matakala da gatari a jikin icce, ya hau ba takalmi, ba igiya. Haka ya gada, haka kowa ke yi. An yi ruwa da asuba, ɓawo ya jiƙe, ƙafarsa ta zame, ya faɗo. Ƙugu ya samu matsala, ya daɗe a kwance, da ya tashi kuma sai da sanda. Mutane sunansa suka sani, ba nawa ba, waya ta yi shiru. Damina guda da rani guda ina faskare wa mata masu bandar kifi a bakin ruwa, inji na gida a cikin buhu.

A can ne na ga abin da ya canza min aiki. Babban jirgi ya taho shaƙe da buhunan shinkafa, ruwa na jansa, sai wani dattijo siriri ya karɓi igiya ya naɗa ta a jikin turke, ya riƙe bakinta da hannu ɗaya yana cin goro. Ya ɗan saki, jirgi ya matsa. Ya riƙe, jirgi ya tsaya. Na ce ashe turken ne ke riƙe nauyi, mutum faɗa masa kawai yake yi. Na manne wa masu jirgi har na koyi ƙullinsu. Abin da ban ɗauka a wurinsu ba ita ce igiyarsu, shuɗiyar nan ta roba. Rana na cinye ta tana nan kamar sabuwa, kuma in ta gogu da icce narkewa take. Na yi ta tari har na samu igiyar hawa ta gaske da bel mai zagaye cinya a wurin wani mai gwanjo, da kura irin wadda ake jan ruwa da ita a rijiya, amma mai ƙarfi. A tsamiyar gidan Malam Tanko na yi ta gwaji, shi yana kan tabarma yana cewa, “Yanzu kai da biri wutsiya ce kaɗai ta raba ku.” Bai daɗe yana dariyar ba ya ce in miƙo masa bakin igiyar ya gani. Tun daga nan ni ke sama, shi ke ƙasa, kuma ban taɓa samun mai riƙon igiya kamarsa ba.

To, ga aikin da nake so ku ji.

Wani mutum ya kira ni, ya ce sunansa Bulus, masunci ne a wani ƙauye da ke bakin tafki bayan Wara. Ya taɓa ganina ina rage rassa a saman wata makaranta ba tare da na taɓa kwano ba. Ya ce in zo in ga wani rimi, amma kar in zo da inji tukuna.

Tun daga cikin jirgi na hango shi. Rimi ne tsoho, gindinsa kamar ɗaki, yana tsaye tsakanin gida da ruwa. Wani ƙaton reshe ya miƙe ta kan gidan, ya bushe ƙayau, iskar farkon damina ta tsaga shi. Bakinsa na kan rufin wani ɗaki, har ɓaraguzai sun lotsa kwanon. Tushensa kuma, inda ya fi kauri, yana daidai saman wasu tukwane da ke tsakanin saiwoyi, rabinsu a binne cikin ƙasa, baƙaƙe, sun sha shekaru.

Gidan na Baba Ɗanjuma ne, mahaifin Bulus. Shi Baba yana kan hanyar kakanninsa, tukwanen nan na mutanensa ne da suka riga shi, shi ke kula da su. Bulus coci yake zuwa. Wansa Isa musulmi ne, direban jirgi. Gida ɗaya, tukunyar miya ɗaya. Ɗakin da reshen ke kai na 'ya'yan Isa ne, kuma matarsa ta kwashe su ta tafi gidan iyayenta, ta ce ba ta dawowa sai an yi wani abu. Isa ya riga ya yi magana da wani mai inji a Wara, ranar kasuwa mai zuwa zai zo ya kayar da rimin duka ta wajen ruwa. Baba kuma ya faɗa a gaban kowa, ranar da iccen ya kwanta, shi zai shiga kwalekwalensa ya koma tsibirin da danginsa suke, ba zai ƙara kwana a gidan ba.

Isa bai ji daɗin ganina ba. Ya ce, “Malam, masu inji biyu sun zo sun duba. Sun ce reshen ba ya da wurin faɗuwa. Kai mi za ka yi da ba su yi ba?”

Na ce, “Ba zan bari ya faɗi ba. Sauke shi zan yi.”

Ya dubi ƙanensa. “Ina ka samo wanga?”

Baba na zaune kan saiwa yana gyaran koma, bai ɗago ba sai da na durƙusa na gaishe shi. Na ce masa icce zai tsaya, mataccen reshe kawai zan cire. Ya ce, “Ɗana, akwai sharaɗi. Ƙarfe ba ya shiga jikin icce wanga. Ba sara, ba ƙusa.”

“To Baba, reshen fa? Da inji zan yanka.”

“Abin da ya mutu ba nashi ba ne kuma. Yanka. Amma inda ke da rai, a'a.”

Na ce a bari mu ɗauke tukwanen mu ajiye gefe, in an gama a maida. Ya ce ba a ɗaga su. Na ce to mu kifa musu katako da tayoyi. Ya ce ba a rufe su, sama suke kallo. Na ce, “Garin katako fa, in ya zuba musu?”

Ya ɗan yi murmushi. “Tsuntsaye na yi musu abin da ya fi wannan.”

Isa ya ce, “Ka ji ko? Ba a hawa, ba a ɗagawa, ba a rufewa. To ni ma ga nawa: in ranar kasuwa ta zo reshen nan na sama, mutumina zai zo.” Baba ya ce in kuma tukunya ɗaya ta fashe, da ita da kayar da iccen duk ɗaya ne a wurinsa. Kun ga inda na tsaya. Ni ba addinin Baba nake bi ba, amma ba wa'azi aka kira ni ba. An kira ni ne tsoho ya zauna a gidansa, jikokinsa su koma ɗakinsu.

Da na ba Malam Tanko labari ya ce, “Da a zamanina ne, da na sara matakala tun kafin tsohon ya rufe baki, da an kore mu da filafili.” Ya ce a sa masa kujera a jirgi, da shi za a je.

Da sassafe muka fara, don a bakin tafki iska na tashi da rana ta ɗaga. Baba ya yi abin da zai yi a gaban tukwanensa, mu muka ja gefe. Da ya gama na yi bisimilla na ɗauko danƙo. Na ɗaura dalmar taru a bakin zaren fatsa na harba ta saman wani ɗanyen reshe da ke can sama da mataccen. Na yi ta kuskure, matan gidan na dariya, wata ta ce ko a kira mata ɗanta ya harba min. Da ya tsallaka, na ja igiya da zaren, na hau igiyar, ƙafata kawai ke dafa jikin icce. A sama na naɗa buhu da tsohuwar tayar mashin a reshen kafin in ɗaura kura, don kar igiya ta ci ɓawo. Igiyar hawa daban, igiyar sauke kaya daban, wannan kar ku taɓa haɗa su. Ta sauke kayan ta bi ta kura ta gangara zuwa wata tsamiya a gefen gida, inda Malam Tanko ya naɗa ta ya zauna kan kujerarsa, sanda a gefe.

Mataccen rimi ba a yarda da shi. Ɗanyen icce in kana yanka yana lanƙwasa, yana ba ka labari. Wannan ɓallewa kawai yake. Don haka ban ɗora masa nauyina ba, ina rataye ne daga sama ina tafiya a gefensa. Daga baki na fara, kan rufin ɗakin yara. Kowane guntu sai na ɗaure shi kafin in yanka. In ɗan shiga ta ƙasa, in gama ta sama, guntu ya rataya, Malam Tanko ya sauke shi a hankali, Bulus ya jawo shi gefe da wata igiya. Sirara da zarto na yi su, inji na rataye a ƙugu a kashe. Ba a tayar da inji don a burge 'yan kallo.

Da rana ta fara zafi rufin ya fita daga haɗari. Isa da ke tsaye hannu a ƙirji tun safe ya fara matsowa. Saura tushe, guntun da ya fi kowanne, kaurinsa ya fi ganga, kuma daidai kan tukwane. Ba dama in yanka shi ƙanana, tsagar ta bi ta cikinsa, in na taɓa tsakiya zai wargaje ya zubo. Dole a ɗaure shi gaba da baya a sauke shi ɗungurungum, kuma yana sauka ana jansa zuwa yashi.

Isa ya ɗago kai ya ce, “Oga, a ɗaura igiyar jan a jirgina. In na ba shi wuta sau ɗaya, sai dai ka gan shi cikin ruwa.”

Bulus ya ce, “Injin naka da jiya sai da filafili muka kawo shi gida?”

“Kai dai riƙe igiyarka, mai koma.”

Na ce musu inji ba ya jin “tsaya”. Mutane nake so, kuma waɗanda suka saba jan taru tare, masu ja da murya ɗaya su tsaya da murya ɗaya. Nan da nan Bulus ya tara abokan sana'arsa. Isa ya tsaya yana kallo, sai ya tuɓe rigarsa ya je ya kama gaba, ya ture ƙanensa baya. Ya ce, “Ɗakin ɗiyana ne.”

Inda zan yanka ma sai da na nuna wa Baba. A tushen kowane reshe akwai wani kumburi kamar wuya, inda jikin uwa ya rungume shi. Nan ke da rai, nan ne icce ke rufe ciwonsa. Mai gaggawa yana shafe shi don wurin ya yi kyau, daga nan ruɓa ta shiga. Na ɗora hannu gaba da kumburin na kira shi. Ya kare ido da tafi ya duba, ya ce, “Nan.” Abin da al'adarsa ta ce, shi ne abin da aikin ya ce.

Na tayar da inji na shiga. Ban yi nisa ba na ga abin da ke zuba ya canza. Ɗazu fari ne busasshe, yanzu baƙi, jiƙaƙƙe, yana manne min a wando. Na kashe inji.

Malam Tanko ya ce daga ƙasa, “Mi ka gani?”

“Ruwa. Cikinsa rami ne, ya tara ruwan sama.”

Mu biyu mun san ma'anar hakan. Mun yi wa busasshen icce shiri, ga shi ashe randa ce cike. In na ƙarasa yanka haka, nauyin zai fizgi igiya fiye da yadda muka zata, ruwan kuma ya kwaɓa ciki ya karkatar da shi. Mafita ɗaya ce, in huda ta ƙasa ya tsiyaye. Amma ƙasan nan tukwane ne.

Na ce, “Baba, akwai ruwa a cikinsa. In na huda, kansu zai zuba. Ba katako, ruwa kaɗai, amma da yawa, kuma ba mai tsabta ba.”

Kowa ya juya yana kallonsa. Isa ya buɗe baki, Bulus ya taka masa ƙafa. Baba ya tashi ya zo ya tsaya kusa da tukwanen, ya dubi sama, ya dube su.

Ya ce, “Ruwan iccensu ne. Ba su. Amma sannu, kar ka kwara musu kamar masu wankin jirgi.”

Na huda ƙaramar kafa da bakin inji. Ruwa ya taho baƙi kamar shayi, da wari, har da wani kwaɗo da ya sauka bai shirya ba. Ya yi ta zuba kan tukwane da saiwoyi, mu muna jira. Ni ina rataye, cinyoyina sun mutu, bel na cina, iska kuma ta fara kaɗa ganye daga wajen tafki. Ban ƙara faɗin kafar ba. Sai da ya koma ɗigo na ce wa Malam Tanko ya shirya. Ya ƙara naɗi ɗaya a tsamiya, ya tofa yawu a safar hannu, ya ajiye kujera ya tsaya da ƙafarsa mai lafiya.

Na koma gefen da ba zai biyo ni ba, na ƙarasa yanka. Ya ɓalle da wani ƙara kamar an fasa ƙofa. Duk rimin ya girgiza, ni ma na yi lilo. Nan ne za ku san mai riƙon igiya. Ɗan koyo ƙanƙamewa zai yi, igiya ta sha fizga ta tsinke. Malam Tanko sakin ta ya yi ta ɗan gudu, har hayaƙi ya tashi a ɓawon tsamiya, sannan ya matse a hankali. Gungumen ya tsaya cak a iska, yana juyi, inuwarsa na kan tukwane.

Na ce, “Ku ja.”

Isa ya ba da murya irin ta jan taru, suka amsa, suka ja. Malam Tanko ya ɗan saki. Suka ja, ya saki. Gungumen na sauka yana matsawa wajen ruwa. Da ya zo daidai tsayin mutum sai gindinsa ya juyo baya, wajen tukunyar da ke bakin saiwa. Na ce, “Tsaya.” Suka tsaya kamar an dasa su. Bulus ya saki layi ya zagayo da gorar tuƙa jirgi, ya tokare shi ya juya. Ja ɗaya suka ƙara, Malam Tanko ya sauke shi kan yashi, a hankali, ko ƙura bai tayar ba.

Baba ya durƙusa ya bi tukwanen yana shafa kowace da tafin hannu, yana cire musu ganye. Ni na sauko, na zauna kan gungumen. Malam Tanko ya dogaro sandarsa ya zo, na ɗauka yabo zai yi. Ya ce, “Sarƙarka ta dakushe tun kan rufi, ina jin kukanta daga nan.” Amma hannunsa na kan kafaɗata, bai ɗauke ba.

Baba ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya ce, “Lafiyarsu lau.” Sai ya dubi Isa. “Je ka ɗauko min jikokina.”

Isa ya tsaya yana kallon rimin, inda reshen yake da yanzu sai sarari. Ya ce, “Oga Habu, sauran rassan fa? Ba na son baɗi mu sake.” Na ce na duba su da ina sama, lafiya suke, amma kowace shekara kafin ruwa ya sauka a kira ni in hau in gani. Har yau ina zuwa, kuma daga bakin tafkin nan, tun daga Wara har Shanga, duk iccen da aka ce ba ya da wurin faɗuwa, lambata ake nema.

To kun ji. Ku da ke tambayar inji, a ranar nan gaba ɗaya abin da inji ya yi bai kai tsawon shan shayi ba.

Kafin mu shiga jirgi Isa ya ciro waya ya kira mutuminsa na Wara a gaban kowa, ya ce masa aikin ranar kasuwa babu, an fasa. Mutumin na ta magana ta cikin waya, da alama bai ji daɗi ba. Baba ya koma kan saiwarsa ya ɗauki komarsa, ya ce, “Kar ka sallame shi hakanan. Ce mishi ya zo ya ci kifi. Ya bar injin gida.”